Bariki da Gari: Abin da Damagaram Ta Gani

Ya ɗan'uwa mai karatu, kullum kana jin ana cewa wane ɗan bariki ne, wance ta shiga bariki. Ko ka san asalin wannan kalma? Daga bakin Ingilishi muka aro ta. Ma'anarta ta farko ita ce gidan soja. To, yaya aka yi sunan gidan soja ya koma sunan wani irin zaman duniya? Amsar tana cikin tarihin garuruwanmu. Bari mu ɗauki Damagaram, wato Zinder, mu duba abin da bariki ya kawo mata, da abin da ya karɓa daga hannunta.

Kafin zuwan Nasara, Damagaram babban birni ne mai arziki. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa. Fatake suna sauka a Zango. Ayarin raƙuma yana zuwa daga Tarabulus da Agadas, ya wuce Kano ko Barno. Ana cinikin gishiri da tufafi da fatu da gashin jimina, har da bayi. Kuɗin kasuwa a lokacin wuri ne.

A shekarar 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Kazmaju, ya iso garin, aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka zo da ƙarfi. Aka gwabza a Tirmini, suka ci nasara, suka shiga birnin. Bayan ƴan makonni suka kashe sarkin. Daga nan suka gina gidan sojansu bisa duwatsu kusa da Birni, suka sa masa sunan Kazmaju. A 1900 suka mai da Damagaram mazaunin mulkin soja na wannan yanki. Daga baya aka kai mazaunin Yamai, sannan aka maido shi Damagaram a 1911.

Turawan da ke cikin barikin ba su da yawa. Yawancin sojojin baƙar fata ne, daga Sanagal da ƙasar Bambara, inda ake kira Mali a yau. To, ka san soja ba ya noma, amma kullum sai ya ci. Yana son hatsi da nama da ruwa da itacen wuta. Dokinsa yana son ciyawa. Saboda haka sai ciniki ya buɗe a bakin bariki. Mahauta suka samu masu saye. Mata suna daka, suna sayar da fura da tuwo. Ƴan ga-ruwa da masu wanki da maɗinka suka samu abin yi. Sababbin ayyuka suka fito waɗanda kakanninmu ba su sani ba: kuku, da boyi, da tafinta, da gardi.

Bariki kuma shi ya yaɗa kuɗin Nasara. Ana biyan soja da tamma da dala, shi kuwa ya kashe su a kasuwa. Sannu a hankali wuri ya mutu. Nasara suka ce haraji ma da kuɗinsu za a biya. Ka ga ke nan kuɗin da ya fito daga bariki da safe, haraji yana mai da shi can da marece.

Yanzu mu duba ɗaya gefen. Ba dukan abin da soja ya ci ba ne ya saya. Sau da yawa kumandan aikawa yake yi wurin sarki, sarki ya aika wa mai gari: a kawo hatsi buhu kaza, a kawo raƙuma da takarkarai kaza, a kawo ƙarti kaza. In an biya ma, ba kuɗin kasuwa ake biya ba. Ƙartin nan su ke kwaɓa ƙasa, su ke gini, su ke share hanya, su ke ɗaukar kaya a ka. Wannan shi ne aikin tilas. Wani lokaci yakan faɗo a tsakiyar damina, mutum ya bar gonarsa ciyawa ta cinye. Talaka ba ya ganin kumandan, gardi da tafinta yake gani. Shi ya sa Bahaushe ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutane da yawa suka kwashe iyalinsu suka ƙetara ƙasar Ingilishi, wato Nijeriya. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946.

Raƙuma ma sun sha wuya. Daga Damagaram ake kai abinci da harsashi zuwa barikokin Agadas da Bilma da wajen tafkin Cadi. Raƙuman Abzinawa ake karɓa don wannan aiki, da yawa kuwa ba su komo ba. Yunwa ta 1913 da 1914 ta zo ta tarar da mutane sun riga sun gaji. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Abzinawa da dama suka bi Kawusan, lokacin da ya kewaye barikin Agadas a ƙarshen 1916. Daga Damagaram aka tura rundunar da ta kore shi a watan Maris na 1917.

Ko waɗanda suka ci riba ba su kwana da kwanciyar hankali ba. Ka dubi Malam Yaro, babban attajirin Zango. Ya yi hulɗa da Nasara, ya samo musu kayan da suke bukata. Amma a 1906, da aka ce ana shirya musu tawaye, yana cikin waɗanda aka kama. Aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, aka kai shi Kodebuwa. Damagaram ta zauna ba sarki na gidan sarauta har 1923, lokacin da aka naɗa Barma Mustafa.

Zaman jama'a ma ya sake. Bawa da ya gudu daga ubangidansa, bakin bariki ya nufa. Matar da ta gaji da aure, ko saurayin da ya ƙi noma gandun ubansa, can suka nufa. A can ba a tambayar asalinka, kuɗinka ake dubawa. Ga wasu, wannan ƴanci ne. Ga wasu kuwa, hanyar giya da caca ce. Daga nan kalmar bariki ta samu ma'anarta ta biyu.

Sai ga 1926. Gwamna Berebiye ya ɗauke mazaunin mulki ya kai Yamai, tafiyar kilomita wajen 900. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin ruwa a Damagaram. Soja ba su tashi duka ba, amma manya da ma'aikata da albashinsu sun bi gwamna. Dama jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya karya fataucin hamada. Abin da ya riƙe garin bayan haka shi ne abin da ke hannun mutanensa: noman hatsi da gyaɗa, da kiwo, da jima, da dukanci, da ciniki da Kano.

Kada ka ce wannan labarin da ne kawai. Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ta kafa sojanta a 1961. Amma a zamaninmu sojojin waje sun sake zama a ƙasar. Faransa ta ajiye soja wajen 1,500, yawancinsu a Yamai. Amurka ta kashe fiye da dalarta miliyan 100 ta gina sansanin jiragen sama a Agadas, ya fara aiki a 2019. Direbobi da magina da masu shara da masu dafa abinci sun samu albashi. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023, gwamnati ta ce su tafi. Faransawa suka gama fita a Disamba na 2023, Amurkawa a Satumba na 2024. Aikin da suka kawo ya bi su.

To, ɗan'uwa, ga abin da tarihi ya nuna. Kuɗin bariki kamar ruwan Gulbin Maraɗi ne: ya zo da ƙarfi da damina, rani na yi sai rairayi. Ranar zuwansa da ranar tafiyarsa ba a hannunka suke ba, a wata fada mai nisa ake yanke su. In bariki, ko wani babban aiki na baƙi, ya sauka kusa da garinku, ka sayar da kayanka da daraja, ka karɓi haƙƙinka cikakke. In ana son fili, ku tambaya: na wane ne, nawa za a biya, yaushe za a maido shi? Abin da ka samu, ka zuba shi cikin rijiya da dabba da sana'a. Kada ka sayar da gonarka don albashin wata shida. Magabata sun riga sun faɗa: baƙo raɓa, ɗan gari kaba.