Kiwon kaji a tsakar gida: Abin da mai farawa ya kamata ya sani a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da ke Jihar Katsina, shanu da awaki ne ma'ajiyar dukiyar talaka tun kaka da kakanni. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun rushe wannan tsari, suka kuma tilasta wa iyalai da dama barin ƙauyukansu zuwa cikin gari. A shekarar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da waɗannan uku, don toshe wa ɓarayin daji hanyar cinikin abin da suka sato. Ga wanda ya rasa garke, ko ba shi da filin ɗaure akuya, kaza ce jarin da ya fi sauƙin somawa.

Wace irin kaza?

Kazar Hausa ta fi jure zafi da ƙarancin abinci, tana kwanci da kanta, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Sai dai ƙwanta kaɗan ne, kimanin 40 zuwa 60 a shekara. Kajin gidan gona masu ƙwai suna somawa ne suna da mako 18 zuwa 20, kuma suna iya haura ƙwai 250 a shekara idan abinci ya wadata. Daga cikinsu akwai ShikaBrown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar don yanayin ƙasar nan. Tsakanin biyun akwai irin su Noiler, masu ba da nama da ƙwai, waɗanda ke iya yin tono a tsakar gida. Mai ƙaramin ƙarfi zai fi samun sauƙi idan ya fara da kaji goma da zakara ɗaya.

Akurki

Akurki ya kasance mai iska, busasshe, a inuwa, nesa da wurin girki da ɗakin kwanan yara. A shimfiɗa buntun shinkafa ko garin katako, a riƙa sauya shi da zarar ya jiƙe. 'Yan tsaki na buƙatar ɗumi a makonninsu na farko, musamman da hunturu, da kuma raga da za ta kare su daga shaho da muzuru. Kashin da aka share taki ne mai kyau, kuma barinsa ya taru shi ke jawo wari da ƙuda, har a kai ga saɓani da maƙwabta.

Abinci

Abinci ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin kiwo. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai kaji goma kusan mako uku. Kudancin Katsina yanki ne na masara da waken suya, ginshiƙan abincin kaji, saboda haka duk gonar da rashin tsaro ya hana nomawa tana taɓa aljihun mai kiwo. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar jigila. Mai kazar Hausa yana rage nauyin da dusa, tsaki, gara da ragowar abinci. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke, domin ƙishirwa na saurin tsayar da ƙwai.

Cututtuka

Cutar Newcastle ce babbar mai kashe kajin gida, kuma ta fi tsanani da hunturu. Alamunta sun haɗa da koren zawo, wahalar numfashi da murɗewar wuya. Ba ta da magani, rigakafi ne kawai kariya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin maganin rigakafinta, ciki har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido. Wannan nau'i ya dace da wuraren da lantarki ba ya tsayawa. 'Yan tsakin gidan gona kuma suna buƙatar rigakafin Gumboro. Duk kazar da aka sayo daga kasuwa a keɓe ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran.

Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. Idan kaji suka soma mutuwa da yawa lokaci guda, kada a ci, kada a kai kasuwa. A binne su, a sanar da jami'in lafiyar dabbobi.

Inda hukuma ta shigo

Kwalbar rigakafi ɗaya takan ɗauki na kaji 100 ko fiye, kuma da an buɗe ta ba ta ajiyuwa. Mai kaji goma ba zai iya cinye ta shi kaɗai ba, don haka maƙwabta kan haɗa kai a yi wa kajin unguwa rana ɗaya. Shirya irin wannan aiki yana cikin abin da sashen gona na ƙaramar hukuma zai iya ɗauka da kuɗi kaɗan. Matasa na da damar tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma nawa aka ware wa lafiyar dabbobi a kasafin bana, da kuma ranar da jami'in zai zo unguwarsu kafin sanyi ya shigo.