Amosanin kafaɗa mai biyo bayan yagewar jijiyoyi da illarsa ga motsin hannu

Amosanin kafaɗa mai biyo bayan yagewar jijiyoyi ciwon gaɓa ne da ya fi kama tsofaffi, musamman mata. Yana samuwa ne idan jijiyoyin da ke riƙe da kan ƙashin dantse a gurbinsa suka yi mummunar yagewa, aka daɗe ba a gyara su ba, har ƙashin ya gusa sama, guringuntsin gaɓar ya cinye. A Bauchi, kamar a sauran garuruwan Arewa, akan haɗa shi da kowane ciwon gaɓa a ce sanyin ƙashi ne. Wannan suna yana ɓoye abin da ya bambanta shi da sauran, domin mai shi kan kasa ɗaga hannunsa alhali hannun bai shanye ba.

Yadda kafaɗa ke ɗaga hannu

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa a jikin ɗan Adam. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne marar zurfi, bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ba. Abin da ke tsare gaɓar shi ne tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, ɗaya a sama, biyu a baya, ɗaya a gaba, waɗanda jijiyoyinsu suka yi wa kan ƙashin ƙawanya. Jijiya a nan na nufin igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, ba jijiyar jini ko ta laka ba.

A saman wannan ƙawanya akwai babbar tsokar da ke lulluɓe kafaɗa, wadda likitoci ke kira deltoyid. Ita ke jan hannu sama, ƙawanyar kuma tana danne kan ƙashin a tsakiyar gurbinsa domin ya juya a wuri ɗaya. Idan ƙawanyar ta yage, deltoyid za ta ja, amma maimakon hannu ya tashi sai kan ƙashin ya zame sama ya riƙa gogar ƙashin da ke rufin kafaɗa. A lafiyayyar kafaɗa, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu a hoton ƙashi takan kai milimita 7 zuwa 14. A wannan ciwo takan ragu har ta ɓace.

Likita ɗan ƙasar Ayilan, Robert Adams, ya bayyana irin wannan lalacewa tun a 1857. Charles Neer na Amurka da abokan aikinsa ne suka ba ta sunanta na yanzu a 1983, suka kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 4 cikin 100 na masu cikakkiyar yagewa ne ke kaiwa wannan mataki. Yagewar kanta ba baƙuwa ba ce a tsufa. Wani bincike da aka buga a 2010 kan mutum 683 a wani ƙauyen Japan ya gano ta a kashi 20.7 cikin 100 na kafaɗun da aka duba, ta kuma kai rabi a tsakanin waɗanda suka haura shekara 80. Da yawansu ba sa jin ciwo ko kaɗan.

Abin da ake rasawa

Lafiyayyen hannu yana tashi kusan digiri 180, wato har ya miƙe a gefen kunne, amma yawancin hidimomin yau da kullum ba sa buƙatar fiye da digiri 120. Shi ya sa wasu ke shafe shekaru da yagewar ba su sani ba. Muddin tsokar gaba da na baya suna da sauran ƙarfin daidaita juna, hannu zai ci gaba da tashi ko da jijiyar sama ta tsinke. Wannan daidaito, fiye da munin abin da hoto ya nuna, shi ke yanke yawan aikin da ya rage wa kafaɗa.

Idan daidaiton ya rushe, hannu ba ya wuce digiri 90, wato daidai tsayin kafaɗa, kuma mutum kan ɗage kafaɗar gaba ɗaya yana ƙoƙarin cike giɓin. Dattijo ya kasa naɗe hannun babbar riga a kafaɗa ko gyara hula. Dattijuwa ta kasa ɗaura kallabi, ko ɗaga taɓarya, ko sauke kwano daga saman kabad. Shafar kai a alwala da ɗaga hannu a kabbarar salla su zama aiki. Ga ɗan dako a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, da manomin da ke huɗa da garma, abin ya shafi abincin gida kai tsaye.

Akwai wata asara da ba a cika lura da ita ba, wato juya hannu waje. Idan tsokokin baya suka lalace, mutum ba ya iya kai loma baki sai ya ɗaga gwiwar hannunsa sama kamar mai busa kakaki. Ciwon kan tsananta da dare, ya hana kwanciya a wannan ɓarin, wani lokaci kuma kafaɗar ta kumbura da ruwa.

Alamar da ta fi amfani wajen rarrabewa mai sauƙi ce. Idan wani ya kama hannun ya ɗaga, yakan wuce inda mai shi ke iya kai shi da kansa. A sandarewar kafaɗa, wadda ta yawaita ga masu ciwon suga, hannun ba ya wucewa ko da an ɗaga shi. Likita zai kuma kawar da zargin tarin fuka na gaɓa, da mutuwar kan ƙashi da ke samun masu sikila, da matsalar ƙashin wuya. Raunin hannu da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma gaggawa yake buƙata.

Magani

Hoton ƙashi kaɗai kan nuna gusawar ƙashin, sikanin ko hoton MRI kuma ya nuna girman yagewar. A Bauchi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fara aiki a 2010 a harabar tsohon Asibitin Ƙwararru, yana da likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi. A Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959.

Matakin farko shi ne atisayen da ke koya wa gaban deltoyid ɗaukar aikin da ƙawanyar ta bari. Ana farawa a kwance rigingine, inda nauyin hannu bai yi yawa ba, sannan a riƙa tasowa a hankali cikin watanni. Magungunan rage zafi irin su diklofenak da ibufurofen suna taimakawa, amma shan su kullum ba da umarnin likita ba yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda ga tsofaffi. Allurar siteroyid a gaɓa takan kwantar da ciwo na ɗan lokaci, yawaita ta kuma yana ƙara raunana jijiya. Ɗori ba shi da gurbi a nan tun da babu karaya, kuma ɗaure hannu na makonni sai dai ya ƙara sandarar da gaɓar.

Idan ciwo ya kai ga cinye guringuntsi, lokacin ɗinke jijiya ya riga ya wuce, domin tsokar ta motse ta cika da kitse. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya faɗi ya kasa ɗaga hannu ya kamata a duba shi cikin makonnin farko.

Tiyatar da ta rage ita ce dashen gaɓa mai juyayyen tsari, wanda likitan Faransa Paul Grammont ya ɓullo da salonsa na zamani a birnin Dijon a 1985. Ana kafa ƙwallon ƙarfe a allon kafaɗa, a sa gurbin roba a kan ƙashin dantse, ta yadda deltoyid ita kaɗai za ta iya ɗaga hannu. Aikin yana da tsada, kayansa daga waje ake shigo da su, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Yawanci yana rage ciwo, ya maido da ɗaga hannu sama da kafaɗa. Kai hannu bayan gadon baya ba lallai ya dawo ba, kuma likitoci kan hana wanda aka yi wa komawa dako ko daka.