Takardun rabon gado da binciken asalin gida a Damagaram da Maraɗi

Ɗalibin da ya so ya rubuta tarihin wani gida a ƙasar Hausa, wurin tsofaffi da maroƙa yake fara zuwa, kuma haka ya kamata. Sai dai abin da baki ke riƙewa jerin maza ne: wane ya haifi wane, har a kai ga kakan da ya sari daji ko ya zo daga Borno. Mata ba su cika fitowa ba, sai in ɗiyar sarki ce, wanda kuwa ya mutu bai bar baya ba sunansa kan bi shi kushewa. A cikin wannan ɗan aiki muna so mu jawo hankalin abokan aiki ga takardun wasiyya da na rabon gado, waɗanda a ganinmu ba a mora ba yadda ya dace. Abin da za mu nuna shi ne, waɗannan takardu magada suke lissafawa, kuma magada da iyali ba abu ɗaya ba ne.

Takardun iri biyu ne. Akwai na alƙalai, da Larabci, galibi falle ɗaya, waɗanda ke kwance a akwatunan gidajen malamai, wasu kuma a sashen rubutun Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai. Akwai kuma rajistocin kotunan zamanin Nasara. Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannunsu, aka sake tsarin a 1912 da 1924. Kotunan nan bisa al'adar masu shari'a suke hukunci, amma da Faransanci ake taƙaita maganar a rubuta. A tuna fa, gadon da aka yi rigima a kansa ne ke zuwa kotu. Gidan da ya raba dukiyarsa lafiya a zaure ba ya cikin rajista, saboda haka mai karanta rajista kaɗai zai ɗauka Hausawa ba su da aiki sai faɗa kan gado.

Ƙarfin takardar alƙali yana cikin lissafinta. A mazhabar Malikiyya, yadda malamanmu ke karantar da ita a Risala da Muhtasar, ana fara cire kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage shi ne na magada, kowa da kasonsa sananne. Mu ƙaddara, don misali kawai, wata takarda ta nuna wuri 240.000 bayan an biya bashi. An ba mata uku 10.000 kowace, an ba wata 40.000, an ba mutum uku 34.000 kowane, an ba huɗu 17.000 kowace. Ko da gara ta ci sunayen, lissafi ya riga ya yi magana. 30.000 sumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, kason matan aure in mamaci ya bar ƴaƴa. Ke nan matansa uku ranar da ya rasu. 40.000 sudusi ne, uwarsa na raye ke nan. Sauran 170.000 an raba su namiji kashi biyu mace kashi ɗaya: maza uku, mata huɗu. Ubansa kuwa ya riga shi rasuwa, don da yana raye da shi ma ya sami sudusi. Da wuya a sami maroƙin da zai kawo sunayen waɗannan mata takwas.

To amma su wa takardar ta yi shiru a kansu? Ƴan'uwan mamaci ba za su fito ba, don ɗa namiji yana kange su. Rashin ambatonsu bai nuna shi kaɗai aka haifa ba. Matar da ya saki ta gama idda ba ta ciki, ko ita ce uwar babban ɗansa, kuma kowa ya san yawan mutuwar aure a garuruwanmu. Sa-ɗaka ba ta gado, ko da yake mutuwar ubangijinta na ƴanta ta in ta haifa masa, ƴaƴanta kuma suna cin kaso daidai da na ƴaƴan matan aure. Jikan da ubansa ya rasu kafin kakan, baffanninsa sun kange shi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓad da mai bincike, don reshe guda na gida yana iya ɓacewa daga takarda alhali mutanensa na zaune cikin gidan suna cin tuwo.

A nan wasiyya ke da rana. Ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji ita sai in sauran magada sun yarda. Saboda haka wanda aka ambata a wasiyya, yawanci wanda rabo bai kai gare shi ba ne: jika maraya, ɗan riƙo, agola, malamin gida, bawan da aka ce ya zama ɗa bayan ran ubangijinsa. Akasarin wasiyya da baki ake yin ta gaban shaidu, sai mu tsinci labarinta a bakin shaida in an kai ƙara.

Sai batun harshe, wanda shi ya fi shafarmu. Magana da Hausa aka yi ta, aka rubuta ta da Larabci ko Faransanci, kuma kowane harshe da yadda yake yanka dangantaka. Bahaushe na kiran ɗan wansa ɗa, yana kiran ƙanen ubansa baba. Alƙali ba ya sakaci a nan, don hukuncinsa ya dogara da bambanta shaƙiƙi da li'abi da li'ummi. Tafinta kuwa yakan zuba su duka cikin frère ɗaya, ya mai da ɗan wa fils. In takardun biyu suka saɓa kan dangantaka, mu ta alƙali muke fifitawa. Sunaye ma haka: mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a hannun alƙali, Garba a bakin shaidu, Boubé a rajista. Matar da ke alkunya ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sai ta ba da laƙabi, magatakarda ya rubuta shi kamar sunan yanka. Kuma Bawa suna ne, bai nuna bauta ba. Bawa Jangwarzo sarkin Gobir ne. Bayan dokar 12 ga Disamba 1905 da ta hana cinikin mutane, captif ya yi ta ja baya a takardun hukuma, serviteur na maye gurbinsa, ba don zaman mutumin ya sake ba. A kula da kuɗi kuma: dala tamma biyar ce, wanda ya karanta dala ashirin kamar tamma ashirin ya rage dukiyar mamaci sau biyar.

Kalmar gado kanta ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Guy Nicolas ya nuna a littafinsa na 1975 cewa wurin Annan kwarin Maraɗi gado ya haɗa da sana'a da tsafin dangi, kamar noma, farauta, su ko ƙira, abin da ba ya kasuwa kashi-kashi. A karkara gandu kan zauna hannun babban gida ba a raba shi ba, kowa na noman gamanarsa, sai ka ga takarda ta lissafa riguna da jaki ta bar gona. Kada a ce mamacin ba shi da ƙasa. A birni lamarin daban ne. Bayan ambaliyar 1945 aka tayar da Maraɗi zuwa tudu aka yanka filaye, gida ya zama dukiyar da ake sa wa kuɗi a raba. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bi yadda mata suka shiga mallakar gidaje a sabon garin.

Akwai nauyi a kan mai wannan bincike. Dokar 16 ga Maris 1962 ta bar shari'ar gado a hannun al'ada, kuma tun fitowar dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993 tsohuwar takarda ta zama hujjar da ake kai wa hukuma. Fallen da ɗalibi ya ɗauki hotonsa don digirinsa yana iya tayar da rigimar gona da ta kwanta shekara sittin, ko ya tona cewa kakar wani gida sa-ɗaka ce, maganar da har yanzu kan ɓata neman aure. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su nemi izinin masu takarda tun kafin kwafi, su sake sunaye a abin da za su buga, su bar lissafin kaso yadda yake tunda shi ne hujja, asalin takardar kuma ta koma akwatin da ta fito.