Angika: Harshen da Wasu Suka Raɗa wa Suna



Da wuya a samu wani a cikinmu da bai kalli fim ɗin Devdas ba, wanda Shah Rukh Khan ya fito a ciki a 2002. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun asali littafi ne da aka buga a 1917. Marubucinsa, Sarat Chandra Chattopadhyay, ya yi yawancin ƙuruciyarsa a gidan kakanninsa na wajen uwa a garin Bhagalpur, a bakin kogin Ganga, cikin jihar Bihar ta Indiya. Da harshen Bengali ya rubuta shi, domin shi ne harshen gidansu. Amma harshen da masu kwale-kwale da manoma da matan ƙauyukan da ke kewaye da garin suke yi daban ne, kuma a wancan lokacin ko tsayayyen suna ba shi da shi a takarda. Shi ne a yau ake kira Angika.

Ana yin sa a gabashin Bihar, a wurare irin su Bhagalpur da Banka da Munger, da yankin Santhal Pargana na jihar Jharkhand, har zuwa wani ɓangare na kudancin ƙasar Nepal. Ɗan uwan Hindi da Bengali da Maithili ne. Sunansa daga Anga aka samo shi, wata tsohuwar daula da littattafan mabiya Buda suka lissafa cikin manyan dauloli 16 na arewacin Indiya. Babban birninta Champa yana daf da inda Bhagalpur take yanzu, kuma cibiyar fatauci ce ta kan kogi. Sarki Bimbisara na Magadha ya ci ta da yaƙi sama da shekara 2,400 da suka wuce. A cikin Mahabharata kuwa, babban littafin almarar Indiyawa, Anga ce ƙasar da aka naɗa wa jarumi Karna sarautarta. Wato ƙasar tsohuwa ce ƙwarai. Sunan harshen ne sabo, kuma nan ne labarin yake.

A zamanin mulkin mallaka wani jami'in Turawa mai suna George Grierson, wanda ya daɗe yana aiki a Bihar, ya jagoranci wani gagarumin bincike na tantance harsunan Indiya. A kundin da ya fito a 1903 ya zo kan maganar mutanen Bhagalpur, sai ya ce ai ba harshe ba ne mai zaman kansa, karin harshen Maithili ne. Ya rubuta shi da sunan Chhika-chhiki, saboda yadda masu yin sa suke yawan furta wata kalma mai sautin chhik, wadda take aiki kamar namu "ne" da "ce". Ku duba lamarin da kyau: laƙabi ne irin wanda maƙwabci yake yi wa maƙwabci don tsokana, kamar yadda Kanawa da Sakkwatawa suke kwaikwayon maganar juna, amma sai ga shi ya shiga littafin gwamnati ya zauna daram.

Me ya sa Maithili ya zama uwa, Angika ya zama ɗa? Masana nahawu suna da hujjojinsu na kamannin kalmomi da yadda aikatau yake sauyawa, kuma ba hujjojin banza ba ne. Sai dai mu a ganinmu akwai wani abu da ya fi nahawu nauyi. Maithili yana da Vidyapati, mawaƙin fada na ƙarni na 14 zuwa na 15, yana da malamai masu kwafar littattafai, da rubutunsa na kansa, da gidan sarautar Darbhanga mai ɗaukar nauyin marubuta. Duk mai bincike da ya zo, akwai tulin takardun da za a ajiye masa a gaba. Mutanen Anga kuwa dukiyarsu a baki take.

Kuma ba ƙaramar dukiya ba ce. Mafi shahara a cikinta ita ce doguwar waƙar Bihula da Bishahari. Labarin wani attajirin ɗan kasuwa ne na Champa mai suna Chando, wanda ya ƙi yi wa Bishahari bauta, wadda a aƙidarsu ita ce uwargijiyar macizai. Ta nutsar masa da jiragen ruwa, ta kashe masa 'ya'ya shida, bai rusuna ba. Da aka zo auren na bakwai, Bala Lakhendra, sai ya sa aka gina wa ango da amarya ɗakin ƙarfe, ba a sani ba ashe an bar wani ɗan rami. Ta nan maciji ya shiga a daren farko ya sari ango. Amaryar, Bihula, ta ƙi yarda a ƙona gawar. Ta sa ta a jirgi ta bi kogi da ita, tana haɗuwa da masifa iri-iri a hanya, har ta isa wurin allolinsu ta karɓo ran mijinta da na 'yan uwansa. A ƙarshe Chando ya miƙa hadayar da aka nema, amma da hannun hagu. Mu da ba mu yi tarayya da su a aƙida ba ma, a matsayinmu na masu ƙirƙirar labari mun san wannan hannun hagun ba ƙaramar gwaninta ba ce: mutum ya sha kaye, amma bai saki taurin kansa duka ba.

Duk shekara a watan Agusta ana rera wannan waƙa a Bhagalpur. Ana haɗa wasu akwatuna da gora da takarda, ana kiran su manjusha, a zana labarin a jikinsu da launi uku, ruwan hoda da kore da rawaya, da macizai kewaye da gefe, sannan a kai su kogi a sake su. Littafi ne mai hotuna da ake rubutawa duk shekara a miƙa wa ruwa. Shi wannan labarin akwai shi a Bengal, amma can mawaƙa irin su Bipradas Pipilai sun rubuta shi tun ƙarshen ƙarni na 15. Shi ya sa idan ka nemi labarin a manyan littattafan tarihin adabi, a babin Bengali za ka fi samun sa, ko da yake mutanen Bhagalpur suna nuna Champanagar da ke gefen garinsu a matsayin garin Chando.

Masu kishin Angika sukan kai tarihin adabinsu can baya, zuwa waƙoƙin Charyapada na malaman Buda, waɗanda Haraprasad Shastri ya gano a Nepal a 1907, suna kafa hujja da cewa tsohuwar jami'ar Vikramashila a ƙasarsu take. To amma Bengali da Maithili da Odia da Assamese duk suna cewa waƙoƙin nasu ne. Gadon da mutum biyar suke ja, ba a gina gida a kansa.

Sai maganar rubutu. Talakawan Bihar da 'yan kasuwa da masu rubuta takardun gona sun daɗe suna amfani da wani rubutu mai suna Kaithi, har a wajejen 1881 aka mayar da shi rubutun kotuna. A hankali Devanagari, rubutun da ake buga Hindi da shi, ya ture shi, kuma a 1950 Bihar ta kafa dokar da ta mayar da Hindi harshen hukuma. Yau jikoki kan riƙe takardar gonar kakansu su rasa mai karanta musu. Duk wanda a gidansu akwai tsofaffin takardun ajami a cikin adaka ya san irin wannan.

Abin da ya fi ci mana rai a tarihin nan shi ne, yankin bai taɓa rasa masu baiwa ba. Ramdhari Singh Dinkar, wanda aka haifa a Simaria a 1908, ya rubuta shahararriyar waƙarsa Rashmirathi a kan Karna, sarkin Anga, amma da Hindi. Phanishwar Nath Renu, ɗan tsohuwar gundumar Purnia, ya fitar da Maila Anchal a 1954, ya cika shi da maganar ƙauye da waƙoƙin manoma, shi ma da Hindi. Har yau masu Angika da masu Maithili suna jayayya kan wane harshe ake yi a garuruwan waɗannan mutane biyu, alhali littattafan nasu suna kantar Hindi. Ba mu ga laifinsu ba. Marubuci yana son masu karatu, yana son maɗaba'a, yana son abin sawa a bakin salati. Amma kowane gwani da ya tafi, ya ƙara wa masu cewa harshen ba shi da adabi hujja.

Sunan Angika ana danganta yaɗuwarsa da malamin nan matafiyi Rahul Sankrityayan, wanda ya yi ta kiran a koyar da yara da harsunan iyayensu. Bayan samun 'yancin Indiya a 1947 wasu marubuta suka rungumi sunan, suka shiga aikin da ba ya kawo tafi: rubuta nahawu, tattara waƙoƙin biki daga bakin tsofaffi, buga ƙananan littattafai. Naresh Pandey Chakor ya riƙe mujallar Ang Madhuri shekaru da dama. Jami'ar Tilka Manjhi da ke Bhagalpur ta buɗe sashen nazarin harshen. A 2007 aka fitar da fim da shi, Khagaria Wali Bhauji.

Kada a ɗauka rigimar ta alfahari ce kawai. Kundin tsarin mulkin Indiya yana da jadawalin harsuna 22 da aka amince da su, kuma wanda harshensa yake ciki yana iya rubuta babbar jarrabawar shiga aikin gwamnatin tarayya da shi. Maithili ya shiga a 2003. Angika bai shiga ba. Ƙidayar jama'a ma takan cusa harsuna da yawa ƙarƙashin Hindi. Bhojpuri, mai mutum sama da miliyan 50 a ƙidayar 2011, a can aka sa shi. Shi ya sa alƙaluman masu jin Angika suke hawa da sauka, daga ƙasa da miliyan ɗaya a wasu littattafai zuwa miliyoyi masu yawa a bakin masu fafutuka. Manomin da makaranta ta koya masa cewa maganar gidansu gurɓatacciyar Hindi ce, in mai ƙidaya ya tambaye shi harshensa, Hindi zai ce.

Muna karanta wannan muna jin kamar mu ne Angika, saboda yadda Turanci ya danne mu. Amma in za mu yi adalci, a arewacin Najeriya kujerar Hindi muke kai. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifinsa Bagere ne, da Hausa ya rubuta Shaihu Umar. A cikin wannan zauren ma akwai 'ya'yan Warjawa da Bolawa da Ngizimawa da Zagezagin da kakanninsu wani harshe suke yi, kuma tatsuniyoyin kakannin nan ba a rubuta su ko da da Hausar ba.

A shekarar 2000 aka yanke Jharkhand daga Bihar, ƙasar Anga ta rabu gida biyu. Abin mamaki, sabuwar jihar ce a 2018 ta sa Angika cikin harsunanta na hukuma na mataki na biyu, tare da Maithili da Magahi da Bhojpuri, kowanne da sunansa. A 2023 kuma aka buɗe Wikipedia ta Angika, inda masu sa kai suke rubuta maƙaloli da harshen, da rubutun Devanagari.