Daga Dafin Kibiya Zuwa Ɗakin Tiyata

Wanda ya ziyarci Hubbare, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun 1817, yakan tuna da alƙalami da takobi. Ba safai akan tuna da kibiya ba, alhali kuwa 'yan baka ne ƙarfin jama'ar da ta karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto cikin 1804. Maharban wancan zamani sukan shafa wa kibiya dafin kwankwani, mai tsayar da zuciya. Can a dazuzzukan Amurka ta Kudu kuwa, dafin maharba daban ne. Sunansa kurare, aikinsa sakin tsoka, har numfashi ya ɗauke. Wannan dafi na biyu shi ne ya shiga ɗakin tiyata.

Abin da ya jawo shi kuwa shi ne, likita ba ya iya aiki a cikin mutum sai tsokar cikin ta saki, kuma a da ba ta saki sai an zurfafa barci ƙwarai, abin da ke da haɗari. Wajen 1856 Claude Bernard na Faransa ya nuna cewa kurare yana tsinke saƙo ne daidai mahaɗar jijiya da tsoka. Sa'an nan a ran 23 ga Janairu 1942, a Montreal ta Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi wa maras lafiya allurarsa a lokacin tiyata, aiki ya yi kyau.

Murna ba ta daɗe ba. Cikin 1954 Beecher da Todd suka bi diddigin tiyata kusan 600,000 a asibitoci goma na Amurka, suka tarar mace-mace sun ninka kusan sau shida inda aka ba da irin wannan magani. Dalili ɗaya shi ne, mutum yakan farka da sauran dafi a jiki, numfashinsa ba ƙarfi, ba kuwa mai iya faɗin yawan abin da ya rage.

Makarin dafin yana da asali a Nijeriya. Waken Kalaba, wanda a da Efik ke ba wanda ake zargi da maita, daga gare shi aka tace fisostigmin a 1864. A 1900 Jacob Pal ya nuna a Biyana cewa yana karya kurare, a 1931 kuma aka harhaɗa ɗan'uwansa, niyostigmin, wanda har yau ake amfani da shi.

Saura awo. A 1958 Christie da Churchill-Davidson suka fito da na'ura mai taɓa jijiya da ɗan lantarki. A 1970, a Libaful, Hassan Ali da Utting da Gray suka tsara bugu huɗu: a taɓa jijiyar wuyan hannu sau huɗu, rabin daƙiƙa tsakani, a dubi motsin babban yatsa. In motsi na huɗu ya gaza na farko, to da sauran dafi. Da fari an yarda da kashi 70 cikin ɗari. Yanzu sai na huɗun ya kai kashi 90 na na farko kafin a zare bututun numfashi, kamar yadda ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta tanada a 2023.

Hausawa sukan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A nan karin maganar ta gaza, domin da zarar na huɗu ya wuce kashi 40, idon ƙwararre ba ya rabe shi da na farko. Saboda haka ɗalibin da ke koyon sa barci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a garin da Hubbare yake, ya gaji darasi guda daga wannan tarihi: dafi bai zama magani ba sai da aka samo masa mudu.