Auna Nisan Tashin Shahon Farauta

Auna nisan tashin shaho wani ɓangare ne na farauta da horarrun tsuntsaye, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a shekarar 2010. Ta fi ƙarfi a ƙasashen Larabawa, Turai da Amurka.

A salon da Turawa suka fi so, ana sakin shahon ya yi sama, ya riƙa shawagi bisa kan maharbi har sai an tayar masa da makwarwa ko agwagwar ruwa. Gwargwadon nisansa, gwargwadon ƙarfin surarsa: akwai nau'in shahon da idan ya naɗe fikafikai ya faɗo, gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa. Shi ya sa tsuntsun da ya kai mita 300 yake da daraja a idon masu harkar.

A da da ido ake ƙiyasi, kuma ido kan yi wa mai tsuntsu son kai. Yanzu ana ɗaura wa shahon wata 'yar na'ura mai nauyin gram kaɗan a gindin wutsiya, a ƙafa ko a baya. Tana amfani da GPS, wasu kuma da matsin iska, wanda a kusa da ƙasa ke raguwa da kusan miliba 1 a kowace mita 8. Sakamakon yana fitowa a wayar hannu.

Wajen horo, ana rataye nama a jikin balan-balan ko jirgi maras matuƙi, a riƙa ƙara nisa sannu a hankali. Su kuwa Larabawa masu farautar tuje sun fi damuwa da gudun shaho fiye da nisan tashinsa, domin daga hannu ake sakinsa ya bi abin farauta kai tsaye.