Lokacin da Kwamfuta Take Aron Talabijin

A shekarar 1981 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da ƙaramar kwamfuta mai suna ZX81, kuɗinta fam 69.95. Wani dalilin arahar nan shi ne ba ta da allon kanta, talabijin ɗin gida take ara. Akan zare wayar eriya a soka tata, sa'an nan a yi ta murɗawa har a kamo tasha ta 36. Watau dai shigar gidan talabijin take yi. Hoton kan yi dishi-dishi, kuma da lokacin labarai ya yi, dole yaro ya tattara ya ba maigida wuri.

Tsarin talabijin kuwa a wancan lokacin ya bambanta: layi 525 a Amurka, 625 a Ingila da Nijeriya. Wanda ya sayo kwamfutarsa a Amurka, sau da yawa sai hoto ya yi ta birgima.